Kafin ka ce iyafis ɗinka jabu ne, duba yadda ya zauna a kunnenka

A yanzu da wuya ka shiga motar haya daga Kano zuwa Birnin Kudu, ko daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, ba ka tarar da matashi da abu a kunne ba. Na wani mai igiya ne, igiyar ta bi ta cikin riga ta ɓullo ta wuya. Na wani kuma irin mara igiyar nan ne mai ɗan akwati, wanda ko ba a jin komai akan bar shi a kunne don dai a san ana ciki. 'Yan mata kuwa nasu a ƙarƙashin hijabi yake, sai ka yi sallama sau uku kafin a amsa maka. A garinmu Kwandiko, inda a da rediyo ɗaya kan tara majalisa guda, yau kowa da tasharsa a kunnensa.

Sai dai ƙorafin iri ɗaya ne ko'ina. Wannan ya ce nasa ba bes, wancan ya ce kunne ɗaya ya mutu, wani ya ce mai shago ya cuce shi da ɗan Cana. Daga nan sai a wurgar a sayi wani, bayan wata biyu a maimaita. Jabu kam akwai shi, ba musu. Amma sau da yawa laifin ba na na'urar ba ne. Ko dai ba ta zauna a kunne daidai ba, ko datti ya toshe ta, ko kuma abin da ake kunnawa ne tun asali ya lalace. Kuma maganar ta wuce ta jin daɗin kiɗa, domin wanda bai samu sauti mai kyau ba abu ɗaya yake yi: ya ƙure murya. Iyafis ana sayen wani a Farm Centre ko a titin Beirut. Kunne kuwa babu shagonsa.

Wannan 'yar robar da kake rainawa

Bari mu fara da abin da ke cikin na'urar. 'Yar sifika ce ƙarama, da maganaɗisu da siririyar waya da aka nannaɗe da wata 'yar fata mai karkarwa. Faɗinta yawanci tsakanin milimita 6 zuwa 14 ne, wato bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Yanzu tuna sifikun da masu DJ ke jibgewa a gidan biki. Me ya sa suke da girma haka? Saboda sauti mai kauri, wanda muke kira bes, ba ya fita sai an tunkuɗa iska mai yawa. To ta yaya abu kamar ƙwayar gyaɗa zai ba ka bes?

Dabarar ita ce ba ya tunkuɗa iskar ɗaki. Ramin kunnen babban mutum tsawonsa kusan santimita 2 da rabi ne, daga baki zuwa dodon kunne. Idan robar ta toshe bakin ramin tsaf, 'yar iskar da ta rage a ciki ba ta da wurin gudu, duk motsin da sifikar ta yi sai ya isa dodon kunne kai tsaye. Idan kuwa akwai 'yar kafa, ko da ido ba ya ganinta, bes ne farkon abin da zai zurare ta nan. Sai a bar ka da sauti siriri mai tsinin tsiya, kamar ana kiɗa a gwangwanin madara. Wanda ya taɓa ba tayar keke iska da famfon da bakinsa ke yoyo ya san zancen: ka yi ta bugawa har gumi, tayar tana kwance.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Kunna waƙar da ka sani sosai, wadda ke da ganga ko kalangu. Sa yatsa ka ɗan danna iyafis ɗin ciki a hankali. In ka ji kiɗan ya cika, ganga ta dawo, sannan da ka saki ya sake tsinkewa, to na'urarka lafiyarta ƙalau. Robar ce ba taka ba.

Kusan duk iyafis mai shiga cikin kunne yana zuwa da robobi kala uku a kwali: ƙarama, matsakaiciya da babba. Matsakaiciyar ce a jiki. Sauran biyun suna cikin wata 'yar leda da yawancinmu ke zubarwa tare da kwalin tun a bakin shago. Haba gayu! Ku zauna ku gwada dukkansu. Kada ka ɗauka ƙaramar ce za ta fi shiga don haka ta fi kyau. Shiga daban, toshewa daban. Ƙaramar roba tana shiga cikin sauƙi amma ta bar kafa. Wadda ta yi girma kuma tana lanƙwashewa, ta sa ciwo bayan rabin awa, ta riƙa turo kanta waje. Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne kunnuwan mutum ɗaya ba lallai su zo daidai ba. Ba abin kunya ba ne ka sa babba a dama, matsakaiciya a hagu.

Sakawar ma da yadda ake yinta. Ramin kunne ba miƙaƙƙe ba ne, yana da lanƙwasa. In za ka saka na dama, ɗaga hannun hagu ta saman kai ka kama saman kunnen, ka ja shi sama da baya kaɗan. Ramin zai miƙe. Saka robar, ka ɗan murɗa ta, sannan ka saki kunnen. Alamar ta zauna ita ce hayaniyar waje ta ragu tun kafin ka kunna komai, kuma in ka yi magana ka ji muryarka tana amsawa a cikin kanka. Ka kuma duba harafin da ke jiki, L na hagu ne, R na dama. An lanƙwasa bakin kowanne ne don kunnensa.

Don kada a ce surutun ɗalibi ne kawai: lokacin da Apple ya fitar da AirPods Pro a watan Oktoban 2019, sai da ya sa masa gwaji na musamman a cikin waya wanda ke gaya maka ko robar ta toshe kunnenka ko ka canza wata. Samsung ma yana da irinsa a manhajar Galaxy Buds. Mawaƙan da kake gani a dandamali da abu a kunne kuwa, da yawansu sai an auna ramin kunnensu an zuba musu nasu daidai su. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna a wannan sana'a shi ne Jerry Harvey, injiniyan sauti a Amurka, wanda a 1995 ya ƙera wa makaɗin ganga Alex Van Halen irin wannan, daga nan kamfanin Ultimate Ears ya samo asali. Maƙudan dalolin da ake biya a can, kaso mai tsoka na zaman abin a kunne ne. Kai kuma an ba ka robobi uku kyauta ka zubar.

Akwai masu sayar da na soso, wanda ake matsawa da yatsa a saka, ya kumbura a ciki ya cike ko'ina. Yana toshewa fiye da roba, amma yana shan gumi, kuma a zafinmu na Maris da Afrilu ba ya daɗewa. Irin wanda ba shi da roba sam, mai zama a bakin kunne kamar AirPods na farko da ya fito a 2016 da dubban kwaikwayonsa da suka cika kasuwa, shi kada ka wahalar da kanka. Ba a yi shi don ya toshe ba. Bes ɗinsa kaɗan ne, hayaniya na shigowa. Amfaninsa kana jin abin da ke faruwa a gefenka.

Hunturu da dauɗar kunne

Cire robar ka duba bakin iyafis ɗin a cikin haske. Akwai wata 'yar raga mai ƙananan huji. Ta nan duk sautin ke fita. Yanzu haɗa ƙurar hunturu da gumi da dauɗar kunne da tarkacen aljihu, ka ba su wata uku. Abin da ake kira "kunne ɗaya ya mutu" sau tari wannan ne: ragar gefe ɗaya ta toshe, sai muryarsa ta yi ƙasa.

Gyaran mai sauƙi ne. Wanke robobin da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ka bar su su bushe ƙarau kafin ka mayar. Ita kuwa ragar ba ta son ruwa. Samu tsohon buroshin haƙori mai laushi, busasshe, ka juya bakin na'urar ƙasa yadda dattin zai zubo waje, ka goge a hankali. Ban da allura, ban da tsinke, domin ko su huda ragar ko su cusa dattin ciki. Ban da fetur ko kananzir. Masu sa baki su tsotsa kuma, don Allah a daina, ga ƙazanta ga danshi. In mara igiya ne, goge 'yan ƙarafan da ke taɓa akwatin caji da busasshen ƙyalle, domin dattinsu ne kan sa ɗaya ya ƙi caji ka wayi gari da guda. In mai igiya ne, leƙa ramin da ake soka shi a waya. Auduga da ƙurar aljihu sukan taru a can su hana kan shiga har ƙarshe. Nannaɗe igiya a jikin waya da kan a soke kuwa shi ke karya siraran wayoyin ciki, daidai wurin da ake lanƙwasawa.

Kafin ka yanke hukunci, shiga setin ɗin wayarka, ɓangaren da aka ware wa masu larurar ji da gani. Akwai ma'aunin da ke raba sauti tsakanin hagu da dama. Wani lokaci ƙaninka ne ya taɓa shi. A wurin ne kuma za ka ga inda aka rubuta Mono audio. Kunna shi in dai kunne ɗaya kake sawa, ko kuna raba iyafis da aboki a benci, domin waƙoƙin zamani ana raba kayan kiɗansu hagu da dama ne, mai kunne ɗaya rabin waƙa yake ji.

Shi kansa kunnen fa? Dauɗarsa ba cuta ba ce, ita ke kare ramin daga ƙura da ƙwayoyin cuta, kuma kunne kan turo ta waje da kansa. Sa iyafis awa da awanni yana hana ta fita. Sai mutum ya ɗauko tsinken ashana, ko marfin biro, ko gashin kaza irin na kakanninmu, ko auduga mai tsinke, ya ƙara danna ta ciki. Likitocin kunne sun daɗe suna hana wannan. Goge bakin kunne da tsumma mai tsabta ya isa, in ya toshe a je asibiti a wanke. Aron iyafis kuma, a gaskiya ni ban ga bambancinsa da aron buroshin haƙori ba, illa dai shi ba a jin kunyarsa. Ƙaiƙayi da ruwan kunne suna bin wannan hanyar.

Mai sai an danne maɓalli

Wannan na tabbata wasunku sun gamu da shi. Ka soka iyafis, kiɗa na fita amma muryar mawaƙin ta yi nisa kamar daga rijiya. Da ka danne maɓallin amsa kira sai komai ya dawo daidai, da ka saki ya koma. Har akan ɗaure maɓallin da kyauro ko salatif.

Ba aljanu ba ne, ba kuma lalacewa ba ce. Kan iyafis mai makirfo, wanda kaurinsa milimita 3.5 ne, yana da gaɓa huɗu, kuma tsari biyu ake bi wajen jera su. Akwai OMTP, wanda tsofaffin wayoyin Nokia da Sony Ericsson suka bi, akwai kuma CTIA, wanda Apple da kusan duk wayoyin Android na yanzu ke bi. Bambancin kawai an musanya gurbin makirfo da na wayar da ke kammala zagayen lantarki. In ka haɗa na wancan tsari da wayar wannan, duk abin da ke tsakiyar waƙa, wato murya, sai ya soke kansa. Maganinsa ɗan mahaɗi mai juya gaɓoɓin, ko ka mayar wa mai shago ya canza maka. Shi ya sa gwadawa a wayarka kafin ka biya ya fi gwadawa a tasa.

Tun da Apple ya cire wannan rami daga iPhone 7 a 2016 kamfanoni da yawa suka bi sahu. In wayarka ramin caji kawai gare ta, sai ka kula wajen sayen mahaɗi. Wasu wayoyin ba sa karɓar wanda waya ce zalla a ciki, sai mai ɗan guntun na'urar da ke juya lambobi zuwa sauti.

Waƙar da ta sha hannu

Yanzu a ce roba ta zauna, raga ta fita tas. Saura abin da kake kunnawa.

Bi sawun waƙa ɗaya. An yi ta a situdiyo a Kano, an ɗora a YouTube. Wani mai shafi ya sauke, ya liƙa tallarsa da ihun sunansa a kai, ya matse ta don ta yi saurin sauka. Wani ya ɗora a sitatus na WhatsApp, wanda shi ma yake matse bidiyo. Wani ya naɗi fuskar wayarsa ya kai TikTok. Wani ya ciro sautin daga can ya mayar MP3, ya kai wa mai tura waƙoƙi a bakin kasuwar Sara, kai kuma ka biya aka zuba maka a memori. Duk matsewa ɗaya akwai abin da ake zubarwa, kuma ba ya dawowa. Xender da blutut ba ruwansu, su kwafi kawai suke yi yadda suka samu. Masu sake matsewar ne ke ɓarnar. Irin wannan waƙa ko iyafis na dubu ɗari ka sa mata, abin da zai yi kawai shi ne ya fito maka da lalacewar fili.

Akwai hanyar ganewa da ido. Ingancin MP3 ana auna shi da adadin kilobit a daƙiƙa. Waƙar minti 5 a kan 128 tana kai wa kusan MB 5. A kan 320, wanda shi ne ƙololuwar MP3, tana kai MB 12. In ka ga waƙar minti biyar ba ta kai MB 2 da rabi ba, to wajen 64 take ko ƙasa da haka, kuma za ka ji kaifin kiɗan yana wani shuu kamar ana zuba yashi a kwano. Girma kaɗai dai ba shaida ba ne, domin ana iya ɗaukar lalatacciya a mayar da ita 320, ta yi nauyi a banza. Ra'ayina, mai iyafis na talaka da ke cikin mota ba zai bambance 192 da 320 ba, kada ya ƙona datarsa. Amma tsakanin 64 da 128 kowa zai ji.

Masu amfani da Audiomack, Boomplay ko Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, ku leƙa setin ɗin manhajar. Yawanci akwai zaɓin tsimin data, wanda ke rage inganci. Dabarar ita ce ka sauke waɗanda kake so da inganci mai kyau lokacin datar dare, ka riƙa ji ba tare da intanet ba. Wannan ma ya fi dacewa da mu da sabis ɗinmu ke zuwa yana komawa.

Sai kuma abin da ba shi da gyara. Waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos, da tsofaffin karatuttukan malamai, da yawansu daga kaset da faifan gidan rediyo aka juyo su. Shuu ɗin da ke ciki na kaset ɗin ne. Kada ka zargi na'urarka. Hasali ma kalangun Shata abin gwaji ne mai kyau: in kana jin yadda muryar kalangun ke hawa da sauka, ba dum-dum kawai ba, iyafis ɗinka na aiki.

Mai igiya ko mara igiya?

Na san yayi na mara igiya ne, kuma ba zan yi faɗa da yayi ba. Amma lissafi lissafi ne. Kuɗin da ka ba da a kan mara igiya an raba shi ne tsakanin batura uku, da na'urar blutut, da akwati, sannan sifika ta samu saura. Na mai igiya kusan duka a sifika da waya ya tafi. A farashi ɗaya, musamman na ƙasa, mai igiya ya fi sauti. Ba ya neman caji a garin da sai an kai waya wurin mai janareta. Kuma a wayoyi da yawa igiyar ce eriyar rediyon FM, in babu ita ba ka kama Freedom ko Rediyon Jigawa.

Blutut yana matse sauti kafin ya tura. Tsarin da kowace na'ura ke da shi shi ne SBC, sai AAC da iPhone ke amfani da shi, sai aptX na Qualcomm, sai LDAC na Sony da ya shiga Android tun 2017. Dole waya da iyafis su yi tarayya a tsari ɗaya kafin ya yi aiki, in ba haka ba su koma SBC. Ban ga dalilin tayar da hankali a kan wannan ba, tasirinsa bai kai rabin na roba ba. Abin da ya fi shafarmu biyu ne. Na ɗaya, da zarar makirfon iyafis ɗin ya buɗe, a kira ko a wasan gem mai hira, sautin kan faɗi ya koma na tarho. Na biyu, blutut yana da ɗan jinkiri. Mu da ake koya wa haɗa shirin rediyo, abin da aka fara gaya mana a ɗakin gwaji shi ne kada ka naɗi murya ba ka sauraron abin da ke shiga, kada kuma ka yanka sauti da mara igiya. Masu haɗa bidiyon barkwanci a CapCut su riƙe wannan, shi ya sa wani lokaci baki ke gaba magana na baya. In kuma da makirfon igiya kake naɗa, kada ka cusa shi a leɓe, ba shi tazarar kamar tafin hannu.

Game da ikwalaiza, a taƙaice: layukan hagu na bes ne, na tsakiya murya, na dama kaifi. Kada ka tura duka sama, sautin fashewa zai yi. In kana son wani ɓangare ya fito, rage sauran. Mai sauraron lacca, labarai ko karatu ya rage bes ya ɗan ɗaga wajen 2,000 zuwa 4,000, nan ne harafi ke fita. In wayarka na da DTS ko Dolby, zaɓi ɗaya tsakaninsa da ikwalaizar manhaja, kada ka haɗa biyu. Manhajojin da ke alƙawarin ninka ƙarar waya kuwa, goge su. Sautin suke yayyagawa, da sifikar, da kunnen.

Lissafin da ya kamata kowa ya sani

A can cikin kunne akwai wani abu mai siffar dodon koɗi, cikinsa da ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kusan 15,000. Su ke juya girgizar sauti zuwa saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma a jikin ɗan Adam wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ba ciwo, ba jini, shi ya sa ba a ankara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1, 'yan shekara 12 zuwa 35, na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti. Rahotonta na 2021 ya yi hasashen cewa nan da 2050 kusan mutum biliyan 2.5 za su samu wani mataki na raunin ji. A 2019 ita da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da ma'auni: babba zai iya jin sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75. Abin tsoron shi ne yadda lokacin ke zaftarewa. Duk ƙarin desibel 3 yana raba shi biyu. A desibel 90 awa 4 ne kacal a mako. A 100 bai kai rabin awa ba. Wayoyi da yawa in aka ƙure su da iyafis suna kai wa 100 har su wuce. Wato wanda ya ƙure murya daga Birnin Kudu, kafin ya kai Wudil ya cinye kason makonsa har ya ci bashi.

A nan ne maganar roba ta dawo. Ba wanda ke ƙure murya a ɗaki shiru da dare. Ana ƙurewa ne a mota, a kusa da injin niƙa, a shagon caji da janareta ke ruri, don a danne hayaniyar. Robar da ta toshe da kyau tana rage hayaniyar tun daga ƙofa, sai ka ga rabin murya ya ishe ka. Masu fasahar kashe hayaniya ta ANC suna ƙara taimakawa a kan ƙara mai ɗorewa irin ta inji, in dai na gasken ne ba rubutun kwali ba. Akwai ƙa'idar da ake yawan bayarwa mai sauƙin riƙewa: kada ka wuce kashi 60 na muryar waya, kuma bayan minti 60 ka cire ka huta. Gargaɗin nan da waya ke nunawa in ka zo wani mataki, wanda muke danna "Ok" ba mu karanta ba, dalilinsa ke nan. Masu kwana da waƙa ko karatu a kunne har asuba, akwai agogon kashe kai a yawancin manhajoji, sa masa minti 30.

Toshewar nan tana da nata haɗarin. Ɗan acaba ko mai tafiya a gefen titin Kano zuwa Maiduguri, inda tirela da motocin haya ke tsala gudu, bai kamata ya rufe kunnuwansa biyu ba. A titi a cire, ko aƙalla a cire ɗaya.

Alamomin da za su sa ka nemi likita ba ɓoyayyu ba ne. Ka cire iyafis ka ji kunne na ƙugi ko wani siririn fito. Ka ji maganar mutane kamar ta bayan bango. Ka riƙa cewa "na'am?" a majalisa alhali kowa ya ji. Raunin da ƙara ke jawowa yakan fara ne da sautuka masu kaifi, wajen 4,000, don haka haruffa irin su s, sh, f da ts ne ke fara ɓacewa. Mutum yana jin ana magana, ganewa ce ke ba shi wuya, musamman cikin taro. In kuwa kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, wannan na gaggawa ne, ba a jira a ga ko zai dawo, domin maganinsa ya fi aiki a kwanakin farko. Mu nan babban asibitin da ya fi kusa shi ne Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, a Kaduna kuma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa. Gwajin ji ba allura, ba zafi, sauti ake kunna maka kana nuna lokacin da ka ji.

Wanda bai samu zuwa ba tukuna zai iya farawa da hearWHO, manhajar kyauta da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019. Tana karanto lambobi uku-uku cikin hayaniya, kana danna abin da ka ji, a ƙarshe ta ba ka maki cikin 100. Ƙasa da 50 alama ce ta a je a ga likita, tsakanin 50 da 75 a riƙa maimaita gwajin lokaci-lokaci. Lambobin da Turanci ake faɗa, daga sifiri zuwa tara. Ana yinsa ne a wuri shiru, da iyafis a kunnuwa biyu, kuma minti biyar ya isa.